Kwamfutar mota a aljihunka: yadda ake zaɓen na'urar OBD2 mai Bluetooth da yadda ake aiki da ita

Ranar da fitilar nan mai ruwan lemo da hoton inji ta fara kamawa a dashbod ɗin motata Corolla, ban yi wata-wata ba na nufi gareji. Bakanike ya kasa kunne, ya ɗan taka totur, ya ce, "Alhaji, famfon mai ne ya gaji." Aka canza famfo. Kwana uku fitila ta dawo. Ya ce to sensar salansa ce, wato wadda ke auna iskar da ke cikin hayaƙi. Ita ma aka canza, fitila ta sake dawowa. A zuwa na uku ne wani yaro mai aikin rewaya a gefen garejin ya zaro wani ɗan abu kamar kwalin ashana daga aljihu, ya cusa shi ƙarƙashin sitiyari, ya ƙura wa wayarsa ido kamar minti biyu, sannan ya ce a ɗaga bonet. Ashe robar da ke kai iska cikin inji ce ta tsage daga ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Kuɗin robar bai kai rubu'in na famfon da aka cire lafiyarsa ƙalau ba.

Wannan ɗan kwalin shi ne abin da muke cewa "a sa wa mota kwamfuta", sai dai wannan ba shi da allo kuma ba shi da igiya. Yana karɓo bayani daga ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ya tura wa wayarka ta Bluetooth ko Wi-Fi, manhaja kuma ta nuna maka.

Fara da duba motar kafin ka shiga kasuwa

Ba kowace mota ce ke jin yaren na'urar ba. Tsarin da ake kira OBD2, wato ƙa'idar bai-ɗaya da mota ke ba na'ura rahoton matsalarta da ita, ya zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun daga ƙirar 1996. A Turai sai 2001 ya hau kan masu fetur, masu dizal kuma 2004. Saboda haka in motarka tokumbo ce 'yar Amurka ko Kanada, irin su Camry, Accord, Vibe ko Sienna, ba ka da damuwa. In 'yar Kwatano ce da ta fito daga Turai, dubi shekarar ƙirarta da kyau, don akwai motocin ƙarshen shekarun 1990 masu soket ɗin amma ba sa amsa wa na'ura ta gama-gari. Tsofaffin Mercedes da BMW kuwa soket ɗinsu zagayayye ne yana cikin bonet, na Mercedes mai rami 38, na BMW mai 20. Motar da aka ƙera don kasuwar cikin Japan ita ma takan yi gardama. Fijo 504 mai kafireto ba ta ma cikin lissafi.

Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila. Abin da kake nema soket ne mai rami 16, jeri biyu, takwas-takwas, gefe ɗaya ya fi faɗi. Wani lokaci yana bayan ɗan murfi kusa da gidan fiyus ko wajen giya. Motocin Amurka suna kuma da takarda manne a cikin bonet da ke faɗin cewa motar ta cika ƙa'idar OBD II. Mai babbar mota ya lura: tirela da tifa na aiki da wuta bolt 24, waɗannan ƙananan na'urori kuwa na bolt 12 ne, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone su.

Zaɓe

Tambaya ta farko ita ce wace waya ce a hannunka. Android na karɓar kowane iri. iPhone ba ta yarda da tsohon Bluetooth da arahar na'urori ke amfani da shi, sai wanda aka rubuta BLE ko Bluetooth 4.0 a kwalinsa, ko mai Wi-Fi, ko wanda kamfaninsa ya nemi amincewar Apple kamar OBDLink MX+. Mutane da yawa sun sayi ɗan shuɗin nan mai araha sun kwana suna neman sa a iPhone bai fito ba. Ni ba na son mai Wi-Fi, domin in ka haɗu da shi wayarka takan rasa intanet, ga shi kuma lokacin ne kake son binciken ma'anar lambar da ka gani.

Tambaya ta biyu: me kake so ta yi maka? A nan kasuwar ta kasu gida uku, kuma masu sayarwa ba sa son bambancewa.

Na ƙasa su ne masu suna ELM327. Asalin sunan na wata 'yar ƙwayar lantarki ce da kamfanin Elm Electronics na Kanada ya ƙera, amma kusan duk wanda za ka gani a shago ko a intanet kwaikwayo ne daga Sin. Abin dariya, wanda ake rubuta wa v1.5, kamfanin na asali bai taɓa fitar da wannan lamba ba, duk da haka a cikin kwaikwayon sau da yawa shi ya fi wanda aka rubuta wa v2.1 aiki. Masu arahar v2.1 sukan kasa magana da tsofaffin motoci, su yanke ana tsakiyar karatu. In za ka sayi wannan aji, tambayi ko ƙwayar cikinsa PIC18F25K80 ce, ko ka ƙara kaɗan ka ɗauki mai sunan kamfani irin Vgate ko Veepeak. Wannan aji inji kawai yake karantawa da abin da ya shafi hayaƙi. Kada ka sa ran zai gaya maka dalilin kamawar fitilar ABS ko ta iyabag.

Na tsakiya su ne irin OBDLink da BlueDriver, da waɗanda aka yi wa wasu motoci takamaimai, kamar OBDeleven na dangin Volkswagen da Audi. Waɗannan suna shiga birki, giya da iyabag a motocin da suka sani. Kalmar "da suka sani" ita ce wurin tsayawa: shiga shafin kamfanin, sa ƙirar motarka da shekararta, ka ga abin da zai iya kafin ka biya.

Na sama su ne na masu sana'a, irin Launch, Autel, Thinkdiag da Topdon. Ba karatu kaɗai suke yi ba, suna ba mota umarni: kunna fanka, kashe nozul ɗaya a ji yadda inji zai yi, sake koya wa totur silo bayan an wanke shi. Mafi yawansu sai ana sabunta rajista duk shekara, kuma wannan kuɗin mai shago ba ya ambatonsa sai shekara ta zagayo manhaja ta rufe. Tambayi shekara nawa aka ba ka kyauta da abin da zai ci gaba da aiki in ba ka sabunta ba.

Ga mai mota ɗaya da ke son daina canza kayan da ba su lalace ba, mai kyau a ajin farko ko na tsakiya ya wadatar. Kuma in a shago za ka saya, ko a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko Apo, je da motar. A gwada a gabanka, ka ga zafin inji da gudunsa sun fito a wayarka, sannan ka zaro kuɗi.

Manhaja kuwa, Car Scanner tana aiki a Android da iPhone kuma ta kyauta ma ta isa farawa. Torque tsohuwar hannu ce a Android. Mai Ford ko Mazda ya nemi FORScan. Ɗan faifan CD da ake sakowa a kwalin masu araha, ajiye shi gefe, ka sauke manhajarka daga Play Store ko App Store.

Jonawa

Kashe mota. Cusa na'urar a soket har ta zauna, fuska ɗaya kawai take shiga, kada ka tilasta. 'Yar fitilarta za ta kama nan take ko da babu makulli, saboda rami na 16 wuta yake ɗaukowa kai tsaye daga batir. In ba ta kama ba, kafin ka zargi na'urar duba fiyus. A wasu motoci soket ɗin yana raba fiyus ɗaya da wurin cajin waya, kuma wannan fiyus ɗin ya saba ƙonewa.

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa duka, ba tare da ka tayar da inji ba. Mai maɓalli ya danna sau biyu ba tare da taka birki ba. In na'urar mai tsohon Bluetooth ce, shiga saitin waya ka haɗa su, sunan yakan fito OBDII, lambar sirri kuma 1234 ko 0000. In BLE ce, kada ka haɗa ta a saitin waya, daga cikin manhaja ake zaɓenta. Mai Wi-Fi ka haɗu da shi kamar yadda kake haɗuwa da na gida, adireshinsa galibi 192.168.0.10 ne, ƙofa, wato "port", 35000.

Manhajar za ta nuna haɗuwa biyu: waya da na'ura, sannan na'ura da mota. In ta farko ta yi ta biyu ta ƙi, yaren ne bai zo ɗaya ba. OBD2 yaruka biyar ne a ƙarƙashinsa. Motocin Amurka daga 2008 duk CAN suke yi, waɗanda suka girme su kuwa kowa da nasa: Toyota da Honda da na Turai sun fi amfani da ISO 9141-2 ko KWP2000, tsofaffin Ford J1850 PWM, GM kuma J1850 VPW. Cire saitin daga zaɓe da kansa ka gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Karanta lambar, amma kada ka ɗauke ta hukunci

Lambar matsala harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na ƙafafu da birki, U na sadarwa tsakanin ƙwaƙwalen motar. In alƙalamin farko 0 ne, ma'anar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ne, na kamfanin ne shi kaɗai, dole ka haɗa da sunan motar wajen bincike, don P1 na Honda ba shi ne na Toyota ba.

A nan ne yawancin kuɗi ke zubewa. Lamba koke ne, kamar marar lafiya ya ce kansa na ciwo. Ba ta ce ga kayan da za a canza ba. Lambar da ta wahalar da ni P0171 ce, ma'anarta iska ta yi yawa a kan mai. Sensar salansa ce ta kai rahoton, shi ya sa aka kama ta aka cire, alhali gaskiya ta faɗa. Abin da zai jawo wannan lamba yana da yawa: roba ta tsage, ƙurar hunturu ta rufe sensar auna iska, nozul ya toshe, famfo ya yi sanyi. P0135 tana nufin layin da ke ɗumama sensar salansa, kuma fiyus ko wayar da ɓera ya ci na iya kawo ta. P0335 ta sensar karanshaf ce, amma sau tari soket ɗinta ne ya jiƙe da baƙin mai. In ka ga lambobi rututu masu U tare da P0562, fara da batir da kawunansa, domin wuta in ta yi ƙasa kowace ƙwaƙwalwa sai ta yi kuka.

Manhaja za ta raba maka lambobin. Akwai tabbatattu, waɗanda suka kunna fitila. Akwai masu jiran tabbaci, da za ka ga an rubuta musu "pending", wato an ga matsalar sau ɗaya ana jiran ta maimaita. Motocin Amurka daga wajen 2010 suna da kashi na uku, "permanent", wanda ba na'urar da ke iya gogewa sai motar ta gamsu da kanta cewa an gyara.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton allo. Sannan buɗe wurin da aka rubuta "freeze frame". Wannan hoton halin da inji yake ciki ne a daidai daƙiƙar da matsalar ta faru: gudun mota, zafin ruwa, juyin inji, nauyin da yake ja. Matsalar da ta zo da sanyin safiya inji na silo daban take da wadda ta zo kana kilomita 110 a hanyar Zariya da iyakwandishan a kunne, ko da lambarsu ɗaya.

Ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo. P0300 na nufin inji na tsallake wuta ba a san silinda ba, P0301 zuwa P0304 kuwa suna nuna ta ɗaya zuwa ta huɗu. A ce P0302 ka gani. Kashe mota, ɗauke koyil na biyu ka musanya shi da na uku, goge lambar, ka zaga unguwa. In ta koma P0303, koyil ne, guda ɗaya za ka saya. In ta tsaya a 2, yi haka da fulogi. In har yanzu tana nan, saura nozul ko matsin silindar, wannan kuma aikin gareji ne. Fitilar in tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, tsallaken ya yi tsanani, ɗanyen mai na zuba cikin salansa. Rage gudu ka nemi wurin tsayawa.

Bayanan da ke gudana

Ainihin daɗin na'urar yana nan, inda kake kallon inji yana numfashi. Tayar da mota, ka zaɓi abubuwa huɗu ko biyar kawai, don in ka cika su na'ura mai araha takan yi nauyi.

Zafin ruwa shi ne na farko. Inji mai lafiya yakan zauna tsakanin digiri 85 zuwa 100 da 'yan kai. In kana kan babbar hanya ka ga 65 ko 70, to mai yiwuwa an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu da sunan wai ƙasarmu da zafi, har a haɗa fanka dairek. Ƙwaƙwalwar mota tana ɗauka injin bai gama ɗumi ba, sai ta yi ta ƙara mai. Kai kuma kana ta mamakin yadda tanki ke ƙarewa, wani lokaci da P0128, lambar rashin ɗumin inji, a gefe.

Wuta: mota a kashe batir mai kyau na wajen bolt 12.6, tana aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. In inji na juyawa kana ganin 12 da ɗan kai, mai yiwuwa altaneta ba ta caji.

Sai gyaran mai, wanda ke fitowa da sunan STFT da LTFT, na yanzu-yanzu da na dogon lokaci. Wannan shi ne yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa don daidaita konewa. Tsakanin ragin kashi 10 da ƙarin kashi 10 ba laifi. Abin da yaron nan ya duba ke nan a motata. A silo ƙarin ya haura kashi 20. Ya ce, "Alhaji, ɗan taka min zuwa 2500 ka riƙe." Ina takawa lambar ta sauko kusa da sifili. Ya ce, "Iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya." Hikimar ita ce, a silo iskar da inji ke ja kaɗan ce, don haka 'yar ɓula takan yi tasiri, in an taka kuma sai ta ɓace cikin yawa. Da famfo ne ko matatar mai, da akasin haka za a gani: lafiya a silo, ƙarin ya hau in an taka.

Sensar salansa biyu ce, ɗaya kafin abin tace hayaƙi, ɗaya bayansa. Ta gaba, irin ta da, tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ta baya kuma ya kamata ta natsu. In ta baya tana lilo kamar ta gaba, abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi ya mutu ko an fasa an kwashe shi, lambarsa P0420 kuma na tafe. Mai Toyota kada ya firgita in ya ga ta gaba ta tsaya wajen 3.3, wani nau'in sensa ne daban kuma haka yake.

In gwajin na bukatar tafiya, ba wani ya riƙe wayar, ko ka sa manhaja ta naɗa ka duba bayan ka tsaya.

Gogewa

Maɓallin gogewa shi ya fi kowanne sauƙin dannawa. Ana yi ne makulli a buɗe, inji a kashe. Ka sani ba lambar kaɗai ke tafiya ba, hoton halin injin nan ma yana tafiya, da sakamakon gwaje-gwajen da motar ta yi wa kanta, a wasu motoci har da gyaran man da ta koya, shi ya sa silo kan ɗan rikice na ɗan lokaci. Goge bayan gyara, don ka ga ko za ta dawo. Wasu lambobin sai an yi tafiya biyu ko fiye kafin su sake kunna fitila, saboda haka kwana ɗaya ba fitila ba shaida ba ce. Motocin Jeep, Dodge da Chrysler daga wajen 2018 suna da shinge da ke barin ka karanta amma ya hana ka gogewa sai da na'ura mai izini.

In za ka sayi mota

Ko don wannan kaɗai na'urar ta biya kuɗinta. Buɗe makulli ka tabbata fitilar inji ta kama tare da sauran, ta kuma mutu bayan an tayar. In ba ta kama ba sam, ko manhaja ta ce fitila a kunne take alhali dashbod duhu, an cire ƙwan ko an liƙe shi da baƙin salatif.

Sannan buɗe shafin "readiness". Mota tana da gwaje-gwajen da take yi wa kanta a hankali cikin kwanakin tuƙi: na indomi, na sensar salansa, na tururin tanki. In an goge lambobi ko an cire batir, duk sai su koma ba a kammala ba. Motar da dillali ya ce yau da safe aka zo da ita daga Kaduna, amma gwaje-gwajenta duk ba a kammala ba, tana da abin faɗa. Yawancin motoci suna kuma nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. In ka ga 3, nemi a ba ka ita ku yi tafiyar rabin awa, cikin gari da babbar hanya, ka sake dubawa har da masu jiran tabbaci. Cire batir a wurin dillalai abu ne da aka saba, don haka wannan kaɗai ba ya nuna ha'inci, yana dai nufin rashin fitila bai gaya maka komai ba tukuna. Motocin da ba su tsufa sosai ba suna bayar da lambar casis ta na'ura. Gwada ta da wadda ke ƙasan gilashin gaba, in sun saɓa mai yiwuwa an taɓa canza birenbos, sai ka tambayi dalili.

Da ka gama, zare na'urar. Tunda soket ɗin ba ya rabuwa da wuta, mai araha zai yi ta tsotsar batir, motar da aka ajiye mako ɗaya ko biyu sai a wayi gari ta ƙi tashi. Ga shi kuma duk wanda ya tsaya kusa da motar ya san 1234 zai iya haɗuwa da ita. Masu tsada suna barci da kansu in an kashe mota, amma ni ko su ba na bari a jiki. Tawa tana cikin aljihun dashbod, a 'yar jakar da nake ajiye takardun mota, tare da fiyus biyu na ko-ta-kwana.